Waƙoƙi Goma na Gwaggo Mai Ƙuli

Duk wanda ya zauna a layinmu na Yalwawa ya san Gwaggo Hansai ba ta jin waƙa a zaune. Idan ka kawo mata waƙa a waya, ba za ta ce ka kunna ba sai ta duba aikin da ke gabanta tukuna. In turmi ne ta ɗauki taɓarya, in suya ce ta iza wuta, sannan ta ɗaga maka haɓa. Kai ka kunna, ita ta kama aiki. Idan hannunta ya bi kiɗan, waƙa ta tsira. Idan kuwa ka ga ta jingine taɓarya ta kalli wayar, sannan ta kalle ka, gara ka kashe tun ba ta buɗe baki ba, don abin da za ta faɗa sai ya kwana biyu yana cin ka. A wajenta, waƙar da ba a iya aiki da ita surutu ne kawai aka sa wa ganga.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Nafi'u, ɗan ƙaninta. Ita ce babbar yayar Babanmu. Daga Aujara aka kawo ni wajenta don in yi sakandare a Dutse, na gama, na zama malamin firamare, ban kuma bar gidan ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun kafin a haife ni, a rumfar ƙofar gida, kuma tun zamanin kaset take wannan hukunci nata. Kaset ya wuce, sidi ya zo ya wuce, aka koma tura waƙa a waya, ita dai ba ta canja ko ƙa'ida ɗaya ba. Wayarta ma 'yar ƙarama ce ta kira, ɗaure da roba. Ta ce ba ta ga dalilin sayen babba ba alhali duk layin suna da ita, kuma da ƙafarsu suke kawowa.

Kowane irin kiɗa da aikinsa. Kalangu da gurmi da sauran na gargajiya na turmi ne. Bege na safe ne, lokacin tsince gyaɗa, don aiki ne na natsuwa. Waƙoƙin soyayya na fim na bakace ne, ta ce da su da ɓawon gyaɗa duk iska ɗaya ke kwashe su. Gambarar zamani ta samarin nan masu zuba magana kamar ana bin su, ita take sawa wajen matsar mai, domin aiki ne da yake son mutum ya ɗan ji haushi. Na Indiya na murza ƙuli ne. Jitar mutanen Nijar ta suya ce. Waƙar siyasa kuwa ba ta bari ta kusanci abinci, sai ranar wanki.

Ranar da ta soya ƙulin farko na sabuwar gyaɗa ita ce ranar sanarwa. Bayan la'asar za ka ga rumfa ta cika, 'yan acaɓa sun ajiye babura, matan layi sun leƙo, telan kusurwa ya rufe shago. Gwaggo za ta fito da faifai, a kai ƙuli goma masu zobe, na farko ya kai girman awarwaro, suna ta raguwa har zuwa na goma wanda ko ƙaramin yatsa ba ya shiga. Ba ta rubutu, ba ta duba takarda, duk abin da ta ji a shekara yana kanta. Daga ta goma take farawa, ta faɗi waƙa, ta faɗi dalili a taƙaice, ta miƙa ƙuli ga wanda ya kawo mata waƙar. Shi mawaƙin bai san ana yi ba. Akwai mutane a Indiya da suka ci gasa a Yalwawa har sau uku, kuma har yau ba wanda ya sanar da su.

Ku don dariya da ƙuli kuke zuwa. Ni abin ya wuce haka a wajena. Tun ina sakandare nake rubuta waƙa, da na kama aiki kuma na fara shiga situdiyo duk Asabar. Da labari ya kai Aujara, Baba ya hau mota ya zo takanas. Ya ce a zuriyarmu ba maroƙi. Ya ce bai hana ni ba, amma bai sa albarka ba, kuma kowa ya san wannan ya fi hani ciwo. Na yi magiya har na gaji. A ƙarshe, don ya rabu da ni, ya nuna Gwaggo da ke juya tunkuza a turmi kamar ba a gabanta ake yi ba, ya ce ranar da Yaya ta sa waƙata a cikin gomanta, ranar zai sa albarka.

Na yi murna a lokacin. Na ɗauka magana ta ƙare, matar da ta raine ni, wadda take tsame min nama a miya ta ɓoye, ai ba za ta hana ni ƙuli ɗaya ba. Baba ya fi ni sanin yayarsa. Yana fita na ga yana murmushi, ya koma Aujara hankalinsa kwance.

Ya kamata in gane tun daga abin da ya sami ɗan takarar kansila. Shekarar zaɓe ce, wani mai neman kujera a mazaɓarmu, ba sai na kama suna ba, ya ji cewa duk waƙar da Gwaggo ta ba ta ɗaya sai samarin layi sun bi ta da turawa. Sai ya turo wakilansa biyu da sifika da buhun shinkafa. Gwaggo ta karɓe su da mutunci, ta ba su ruwa, ta sa aka shigar da buhun ciki, ta ce su dawo Alhamis, ranar wanki. Alhamis suka dawo cikin manyan riguna, suka tsaya a rana tana cuɗa zannuwa, waƙar ubangidansu tana ta tashi. Ta wanke zani uku da ita, ta ce ba laifi, tana fidda datti. Suka tafi suna washe baki.

Ranar sanarwa waƙarsu ta zo ta shida. Ta abokin hamayyarsa, wanda ko gaisuwa bai taɓa aiko mata ba, ta zo ta biyar. Babban wakilin ya matso, ya rage murya, ya tuna mata da shinkafa.

"Shinkafa ta yi kyau," in ji Gwaggo. "Ba tsakuwa ko ɗaya. Da gasar shinkafa ake yi, ku ne na ɗaya."

Ya karɓi ƙulinsa na shida ya jefa a aljihun babbar riga. Tun daga ranar ban ji an sake kawo mata toshiyar baki ba. Mu dai mun ci shinkafa har watan azumi.

Sai shekarar waƙar Kudu. Ladidi mai kitso ce ta kawo mata wata waƙa ta mutanen Legas, rabi Turanci rabi yarensu. Gwaggo ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta gwada ta a turmi ta zauna, ta gwada a suya ta zauna, har wajen tsince gyaɗa ta zauna, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ba ta ta ɗaya. Ladidi ta rataya ƙulin a hannu tana yawo da shi gida-gida. Washegari Malam Dauda maƙwabcinmu, wanda ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Kudu kafin ya dawo ya zama ɗan sahun gaba a masallaci, ya yi sallama fuska a murtuke. Ya ce shi don Allah ya zo, mace mai shekarunta bai kamata a ji irin wannan waƙa a ƙofar gidanta ba. Ya zauna ya fassara mata ita baiti-baiti, bai tsallake ko ɗaya ba, har da inda ni kaina na sunkuyar da kai na shiga gyaran itacen da ba ya bukatar gyara.

Gwaggo ta saurare shi har ya gama, tana murza ƙuli.

"Malam, wata huɗu ina jin waƙar nan, ban taɓa jin batsa a cikinta ba sai yau a bakinka. Kuma na ga ka haddace ta."

Malam Dauda ya ce ai a mota ake sawa, dole mutum ya ji. Ta ce Allah sarki. Daga ranar ta daina sa waƙar, don ba ta wasa da irin wannan, amma ba ta sauke ta daga matsayinta ba. Ta ce hukunci ya riga ya wuce, kuma mai kiɗan bai yi mata laifin komai ba. Shi kuma ta riƙa gaishe shi da "mai fassara, an fito?" har ya koma bi ta bayan layi in zai tafi sallah.

To ga nawa. Waƙata ta farko ta soyayya ce, an sa mata na'urar nan da ke lanƙwasa murya. Na kawo mata ita ranar bakace ina ji da kaina. Ba ta kai minti ɗaya ba ta ajiye faifai, ta tambaye ni ko kaina na tura a tulu na yi. Na ce haka ake yayi. Ta ce to in gaishe da tulun, shi ya yi ƙoƙari.

A shekarar, ta bakwai a jerinta tallan wani mai maganin gargajiya ce, wanda yake yawo da lasifika a kan mota ranar kasuwa yana lissafa cututtuka, da ɗan kiɗan ganga a ƙasa. Na yi ƙorafi a gaban jama'a, na ce wannan ai ba waƙa ba ce. Ta ce mutumin ya jera basir da shawara da sanyin ƙashi bai yi tuntuɓe ba, ya san inda zai ja numfashi, kuma duk wanda ya ji ya san abin da ake so da shi. Ta ce ranar da na iya haka da soyayyata in dawo.

Shekara ta gaba na ce bari in bi ta wajen zuciya. Na yi mata waƙar yabo, ita kanta, da kalangu na gaske, makaɗin ma tun daga Miga na ɗauko shi. Na zuba mata kirari, mai haƙuri, mai sanyin hali, wadda maƙwabta ba su taɓa jin muryarta ba. Taɓarya ta bi kiɗan tiryan-tiryan, na ga har kafaɗarta tana motsi, na ce a raina an gama. Da waƙa ta ƙare ta tambaye ni wace ce wannan baiwar Allah. Na ce ita ce mana.

"Ni ce mai sanyin hali? Nafi'u, a gidan nan ka girma. Kiɗa ya yi, amma ba na ba ƙarya ƙuli."

Ta aika wa makaɗin Miga da kwalbar mai. Ni ko tunkuza ban samu ba.

Daga nan na koma dabara. Na yi waƙa na canja murya, na ba telan kusurwa ya kai mata a matsayin ta wani sabon mawaƙi daga Kano. Ni kuma na laɓe a zaure ina leƙe. Ta saurara har tsakiya, sannan ta ce wa tela ya gaya wa ɗan Kanon nan yana jan numfashi ta hanci kafin amshi, irin yadda ƙaninta yake yi in zai yi ƙarya. Ta ce kuma ya gaya masa ya fito daga zaure ya ɗebo mata ruwa.

Wadda ta fi min ciwo ita ce shekara ta huɗu. Na yi waƙa wadda ni kaina na san ta fi na baya, ta ji ta har ƙarshe ba ta jingine taɓarya ba, ta ce to. Ranar sanarwa na sa sabuwar hula na zauna a gaba. Ta fito da faifai, ta ɗauki ɗan ƙaramin, ta ce bana kasuwar waƙa ta yi sanyi, tara kaɗai ta samu da suka cancanta. Sai ta jefa na goman a bakinta. Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar taunarta. Ta haɗiye, ta ce gishiri ya yi daidai, ta wuce ta tara.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji haushinta sosai. Kwana uku ban ci abincin gidan ba, ita kuma kullum sai ta zuba ta rufe ta ajiye a ƙofar ɗakina. Na tafi Aujara in huce, can ma Baba yana tambayata cikin mutunci ko an samu ƙuli bana. Abokaina na situdiyo suka ce in rabu da tsohuwa, waƙoƙina ana jin su a gidajen biki, me ya rage? Abin da ya rage shi ne duk sanda na tsaya gaban makirfo sai in tuna ubana bai sa albarka ba, sai murya ta ƙi fita yadda nake so. Na taɓa ce mata ƙuli ɗaya ne fa, kuma mafi ƙanƙanta. Ta ce ta sani, ita ta murza shi.

Bara, ana gab da cire gyaɗa, hawan jini ya kayar da ita, hannun dama da ƙafa da baki suka ƙi aiki. Baki ya dawo bayan 'yan makonni, kuma da ya dawo bai rage komai ba. Muka ɗauka ba sanarwa a shekarar. Masu kawo waƙa suka riƙa zuwa dubiya suna ɓoye waya a aljihu. Sai rannan ta ce a fito da ita rumfa, a kawo turmi. Na tuna mata likita ya hana. Ta ce likita ita ya hana, bai hana ni ba.

Haka aka yi. Ta zauna a kujera da bargo a ƙafa, ni na zama hannunta. Duk waƙar da aka kawo ni zan yi aikin, ita ta zuba wa hannuna ido. Mako uku, daga na taso makaranta har magariba, ina daka, ina bakace, ina matsar mai, ina murza ƙuli a karkace tana sa a sake. Malamin makaranta guda ɗaure da zani a ƙugu, iyayen ɗalibaina suna wucewa suna min sannu da aiki.

A nan na gane abin da take ji duk shekarun nan. Akwai waƙar da in ka ɗaga taɓarya sai ta jira ka ka sauke, akwai wadda take tafiya ta bar ka a sama. Wata tana ba ka wurin jan numfashi, wata ba ruwanta da kai. Rannan da ba kowa na kunna tawa sabuwa, wadda na yi niyyar kawowa, na kama matsar mai. Kafin baiti na biyu na jiƙe da gumi, hannuna ya rasa inda zai bi. Na cusa kalmomi fal, ban bar wa mai aiki ko ɗan wuri ba. Da kaina na kashe. Gwaggo tana kallona daga kujera.

Ranar Asabar na koma situdiyo na zubar da rabin kalmomin. Na ce wa mai haɗa kiɗa ya kwashe tarkacen nan duka, ya bar ganga da jita, ya sassauta. Ya ce ba za ta yi kasuwa ba. Na ce ba kasuwa za ta ba. Waƙar ma ba wani abin a zo a gani ba ce, a kan masu hura wuta da sassafe ne don wasu su ci. Ban sa sunan kowa ba, ban kuma ce kowa mai haƙuri ne ba. Na kawo ta cikin sauran, na ce tawa ce, na yi daka da ita har ta ƙare. Gwaggo ta ce a sa ta gaba.

Ranar sanarwa ni na soya ƙulin, ita ta nuna girman kowanne da hannun hagu. Baba ya zo daga Aujara duba ta, ya zauna a ƙarshen benci da carbinsa, yana nuna shi ba don wannan ya zo ba. Rumfa ta cika fiye da kullum, don kowa ya ga yadda jikinta yake, ko da ba wanda ya faɗa. Aka ɗora mata faifai a cinya. Ta ɗauki ɗan ƙaramin ta jujjuya shi, ta ce wanda ya murza wannan bai iya ba. Sannan ta ce ta goma ta Nafi'u ce, ana iya daka da ita, kuma ba ƙarya a ciki.

Ban iya tashi ba sai da tela ya zungure ni. Na je na durƙusa na karɓa da hannu biyu, idona ya cika, ina jin kunyar mutane. Baba ya daina jan carbi, ya gyara murya.

"Yaya, ba dai don jikin nan naki ba ne kika tausaya masa?"

Ta juyo da ƙyar ta dube shi, irin kallon da na tabbata tun yana yaro yake shan sa.

"Da tausayi ne, da ta tara na ba shi."

Aka fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya kira ni da hannu, ya dafa kaina a gaban kowa, ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya sa a ji alheri a bakina. Da za shi tasha ya miƙo min wayarsa ba tare da ya kalle ni ba, ya ce in tura masa, zai ji ta a gona. Ita kuwa Gwaggo tuni ta wuce ta tara, tana yi wa wani ɗan acaɓa bayanin abin da ya sa waƙar Fulanin da ya kawo ta fi tawa, dalla-dalla, ina tsaye.

Bayan wata biyu ta rasu, da hantsi. Yanzu ga sabuwar gyaɗa ta shigo, mutane suna ta tambayata ko zan ci gaba da sanarwa. Ba zan iya ba, ni ina da kunyar ido, kowa ya kawo sai in ce ta yi. Ina kewarta ƙwarai. Shekara huɗu ta hana ni abin da kalma ɗaya za ta ba ni, tana gani ina fushi, tana zuba min abinci, don kada ubana ya sa min albarka a kan ƙarya. Ban taɓa yi mata godiya a kan wannan ba, kuma abin yana damuna.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hansai, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Ya Allah, ita ta yi mana hukunci da gaskiya, Kai ka yi mata da rahama. Amin.